Kafin ka taɓa fatishan: yadda ake zaunar da Linux da Windows a kwamfuta ɗaya ba tare da kuka ba

Wani ƙanina ɗan baffana ya kira ni wata ranar Asabar wajen sha ɗayan dare, murya har rawa take, wai "Yaya na shiga uku, laftof ɗina ta mutu kuma furojet ɗina duk yana ciki." Na ce me ta rubuta maka? Ya ce baƙin allo ne kawai da ɗan rubutu fari a sama, sai grub> a ƙasa da wani ɗan layi yana ƙiftawa. Na ce me ka yi mata? Ya ce wallahi ba komai. Kowa dama haka yake cewa. Sai da na matsa masa sannan ya ce ai wata biyu da suka wuce ya ɗora Ubuntu, wani nau'in Linux, a gefen Windows, da ya ga ba ya amfani da ita sai ya shiga Disk Management ya goge fatishan ɗinta don ya samu wurin zuba fina-finai, ya kashe ya kunna, shikenan ta ƙi tashi. Har ma ya riga ya kira wani mai gyara, shi kuma ko ganin kwamfutar bai yi ba ya ce masa sai dai fomat, ya kawo da safe.

HP ce, don haka na ce ya kashe, ya kunna yana danna F9, jerin zaɓi zai fito, ya zaɓi Windows Boot Manager. Ko minti biyu ba a yi ba na ji ya yi kabbara. Furojet ɗinsa yana nan, hotunansa suna nan, ko ƙwayar fayil ɗaya ba ta ɓata ba. Da ya kai wa mai fomat ɗin nan da safe, lokacin ne za a yi asarar gaske. Abin da ya sa na zauna rubuta wannan ke nan, mutane da yawa ba sa bambanta kwamfutar da ta kasa tashi da kwamfutar da kayanta suka salwanta, alhali na farko gyaran minti biyar ne, na biyu kuma wani lokacin ba ya gyaruwa har abada, kuma yawanci garin gyara na farkon ne cikin ruɗewa ake jawo na biyun. Garin neman gira a rasa ido.

Toh bari mu ɗauko daga tushe. Ka ɗauki faifan ajiyar kwamfutarka, hadis ne (hard disk mai juyawa) ko SSD, kamar fili ne babba da aka yanka fuloti-fuloti. Kowane fuloti shi ne fatishan. Amma babu katanga ta gaske a tsakaninsu, abin da ake da shi kawai wata 'yar takardar awo ce a farkon faifan da ke cewa fuloti na ɗaya ya fara daga nan ya ƙare a can, na biyu daga can zuwa can. Idan ka goge fatishan, ba ka rushe ginin da ke ciki ba, layinsa ka soke a takardar, kayan suna nan zaune har sai wani ya zo ya yi gini a kai. Sai abu na biyu, wata ƙaramar manhaja da aikinta kawai ta taso da Windows ko Linux daga barci, ita ce manajan tashi, ta Windows sunanta Windows Boot Manager, wadda yawancin Linux ke zuwa da ita kuma GRUB. Abu na uku yana kan madabod ne ba kan faifai ba, shi ne abin da muke kira BIOS, wanda shi ke fara farkawa in ka danna maɓallin kunnawa, ya duba wa zai miƙa wa ragama. Abin da ya faru da ƙanina, madabod tana miƙa wa GRUB, shi kuma GRUB ya je neman sauran kayan aikinsa a fulotin Ubuntu ya tarar an soke, sai ya tsaya yana kallonsa. Windows tana gefe lafiya lau ba wanda ya kira ta ne kawai.

Ita takardar awon nan iri biyu ce, kuma rabin rikicin duk daga nan yake. Tsohuwar ita ce MBR, tun 1983 take, ta zo ne da PC DOS 2.0. Dukkanta bayit 512 ce a farkon faifan, 446 na lambar tashi, 64 na jerin fatishan, sai 2 na hatimi. Kowane fatishan yana cin bayit 16, ka raba 64 da 16 ka ga huɗu, shi ya sa MBR ba ta ɗaukar manyan fatishan fiye da huɗu, sai dai a yi dabara a mayar da ɗaya ya zama buhu a cusa ƙanana a ciki. Kuma ba ta iya lissafin faifan da ya wuce kusan terabayit 2. Babbar matsalarta dai kujerar tashi ɗaya ce tak, duk wanda aka ɗora daga baya sai ya ture na farko ya zauna, shi ya sa a da ake cewa ka fara sa Windows kafin Linux, don in ka juya Windows za ta share GRUB ba ko sallama. Tsofaffin laftof na zamanin Windows 7 da yawa, musamman HP, suna zuwa da guraben nan huɗu duk a cike tun daga kamfani. In ka yi ƙoƙarin yanka na biyar Windows za ta tambaye ka ko ta mayar da faifan Dynamic, don Allah ka ce a'a, in ka yarda ka ɗaura wa kanka wani kayan da sauke shi sai an sha wuya, kuma mai ɗora Linux, wato manhajar da ke saka ta a kwamfuta, ba zai iya aiki a kansa yadda ya kamata ba.

Sabuwar ita ce GPT, wadda ke tafiya da UEFI, wato sabon tsarin da ya gaji BIOS. Intel ce ta faro shi a ƙarshen shekarun 1990 da sunan EFI, a 2005 aka kafa ƙungiyar kamfanoni da ke kula da shi, amma bai cika kasuwa ba sai da Windows 8 ta fito a 2012. GPT tana ɗaukar fatishan har 128 a Windows, tana ajiye kwafin takardar awon a ƙarshen faifai ko da ta farkon ta lalace, kuma maganar kujera ɗaya ta ƙare. A nan akwai wani ɗan fatishan na musamman, ESP ake ce masa, nau'in FAT32, Windows takan yanka shi megabayit 100, wasu kwamfutocin 260. Ni zaure nake kiransa. Kowa na da tabarmarsa a ciki, Microsoft na da foldarta da fayil mai suna bootmgfw.efi, Ubuntu na da tata da shimx64.efi da grubx64.efi, ba wanda ya zauna kan wani. Ita kuma madabod tana riƙe da jerin sunayen mutanen zauren a 'yar ƙwaƙwalwarta, da wanda za ta fara kira. Don haka in ka ji wani yana cewa afdet ɗin Windows ya cinye masa Linux a kwamfutar UEFI, galibi ba abin da aka cinye, jerin ne aka sauya Windows ta koma sama, ko kuma an yi afdet na BIOS jerin ya goge. Ka shiga saitin ka mayar da shi, shikenan.

Saboda haka tambayar farko kafin ka taɓa komai ita ce, kwamfutar nan a wane tsari take tashi? A Windows ka danna maɓallin Windows da R ka rubuta msinfo32, ka nemi layin BIOS Mode, zai ce UEFI ko Legacy. In Windows 11 ce da aka ɗora ta hanyar da ta dace to UEFI ce, don tun fitowarta a Oktoban 2021 sharaɗinta ke nan tare da TPM 2.0, wani ɗan na'urar tsaro da ke ajiye makullan sirri, amma kar ka yi rantsuwa, a kasuwa ana ɗora ta da dabara a kan tsofaffin injina, duba da idonka ya fi. Duk abin da ka gani, to na biyun da za ka ɗora dole ya bi wannan tsarin. Windows a UEFI, Linux ma a UEFI. In ka haɗa ɗaya nan ɗaya can, GRUB ba zai iya taso da Windows ba ko da yana ganinta, kullum sai ka shiga BIOS ka juya kafin ka canza. Kuma tarkon yana wajen filashi ne, in kana haɗa shi da Rufus, manhajar haɗa filashin ɗori, akwai inda zai tambaye ka GPT ko MBR, sannan lokacin tashi za ka iya ganin filashi ɗaya ya fito sau biyu a jerin, ɗaya da UEFI a gaban sunansa ɗaya babu. Wanda ka zaɓa shi zai yanke yadda za a ɗora. In ka shiga Linux ɗin gwaji, wato wadda ke tashi daga filashi ba tare da an ɗora ta ba, ka duba ko akwai folda /sys/firmware/efi, in tana nan a UEFI kake.

A nan ne ma wata babbar ɓarna take faruwa a shagunan gyara. Mutum zai zo sake ɗora Windows, ya tashi filashin a Legacy, sai ta ce ba za ta iya sauka a faifan nan ba saboda GPT ne. Maganin kawai a kashe a sake tashin filashin a UEFI. Amma abin da aka koya wa yara da yawa shi ne Shift da F10, diskpart, select disk 0, clean, convert mbr. Wannan clean ɗin ba C kaɗai yake sharewa ba, takardar awon faifan gaba ɗaya yake yagewa, har da D ɗin da mai kwamfutar ya tara hotunan biki da takardun makaranta yana ganin ai can ba a taɓawa. Na sha ganin wannan. In ma juyawar ake so daga MBR zuwa GPT, tun 2017 Windows 10 ta zo da mbr2gpt da ke yi ba tare da goge komai ba, ka fara da mbr2gpt /validate ya duba ko faifan ya cancanta, in an gama ka shiga BIOS ka mayar UEFI, in ba haka ba ba za ta tashi ba.

Tunda maganar D ta zo, D ba bakof ba ne. Fuloti ne a fili ɗaya da C, ambaliyar da ta ci wannan za ta ci wancan. Bakof shi ne abin da ke wani faifai daban wanda ka zare ka sa a durowa kafin ka fara aiki, kuma ka buɗe fayil biyu uku a ciki ka tabbatar suna buɗuwa. Na san za a ce ina kuɗin hadis na waje a wannan marrar, to ka ari na aboki na kwana ɗaya, ko ka zaɓi abin da in ya ɓata ba za ka iya sake samu ba, takardu da hotuna, waɗannan sau da yawa filashi mai gig 32 ya ishe su. Fina-finai a sake turowa. Sannan ka haɗa filashin Windows ka ajiye tun kwamfutar na da lafiya, don ranar da ta ƙi tashi ba za ka samu inda za ka haɗa ba. Ita kanta takardar awon ana iya ajiye kwafinta, a Linux ɗin gwaji sfdisk -d zai fitar maka da ita a rubuce, 'yan layuka ne, ko aƙalla ka ɗauki hoton Disk Management da wayarka yadda girman kowane fatishan zai fito.

Yanzu sai wanda ya fi ba ni tsoro a kwanakin nan, BitLocker. Wannan kulle faifai yake da sirri ta yadda ko an cire shi an sa a wata kwamfuta ba za a karanta ba, abu ne mai kyau in an sace laftof. Matsalar ita ce mutane da yawa ba su ma san a kunne yake ba, tun daga Windows 11 24H2 yakan kunna kansa in an yi sabon ɗori aka shiga da asusun Microsoft. Makullin yana cikin TPM, shi kuma TPM ba ya sakinsa sai ya ga hanyar tashi tana nan yadda ya santa. Ka kashe Secure Boot, saitin da ke hana manhajar tashi marar sa hannu aiki, ko ka sa GRUB a gaba, ko ka taɓa wasu saituna a BIOS, sai ka ga shuɗin allo yana neman lambar buɗewa mai lambobi 48. In ba ka da ita, babu mai gyaran da zai buɗe maka, duk wanda ya ce zai iya kuɗinka yake so. Lambar takan kasance a asusun Microsoft da aka fara shiga da shi, toh ka ga in yaron shago ne ya saita maka da nasa imel, ko laftof ɗin 'yar gwanjo ce da ta zo da asusun wani, makullin gidanka yana aljihun wanda ba ka sani ba. Tun Windows na buɗuwa ka buɗe cmd a matsayin admin ka rubuta manage-bde -status ka ga ko a kulle yake, in a kulle ne manage-bde -protectors -get C: zai nuna maka lambar, ka rubuta a takarda da biro. Mai ɗora Ubuntu ma wani lokacin yakan ƙi zama gefen Windows sai an kashe BitLocker ɗin tukuna, kuma warwarewar na ɗaukar lokaci, ka bar shi ya gama.

Akwai wasu ƙanana biyu. Fast Startup, wanda shi ma Windows 8 ta kawo, yana sa in ka ce ta mutu ba ta mutuwa duka, rabin barci take yi ta bar faifan a riƙe, sai Linux ta ƙi rubutu a fatishan ɗin Windows, gara ma da take ƙi don in ta rubuta ana iya samun ɓarna. Ka kashe shi a saitin wuta, ko powercfg /h off. Na biyu, wasu laftof, Dell da yawa a ciki, suna zuwa da faifan a saitin RAID ko Intel RST, sai mai ɗora Linux ya ce bai ga faifai ba sam. Ana mayarwa AHCI a BIOS, amma in ka juya kai tsaye Windows za ta faɗi da shuɗin allo. Sai ka fara sa ta ta tashi a Safe Mode, ka juya saitin, ta shiga sau ɗaya ta ɗauki direban da ya dace, sannan ka dawo da ita daidai.

Sai yankan fili. Ra'ayina, ka bar Windows ta matse kanta da kanta, Disk Management, danna dama a kan C, Shrink Volume. Ita ta san inda ta ajiye kayanta. Wani lokacin za ka ga kana da gig 200 a sarari amma ta ce 40 kawai za ta iya bayarwa, wannan saboda akwai fayilolin da ba ta iya ɗagawa tana aiki ne, irin su pagefile da na hibernation da wuraren System Restore, ka kashe su na ɗan lokaci ka sake gwadawa. Wurin da ya fito ka bar shi haka baƙi ba suna, kar ka yi masa fomat a Windows. Gig 25 shi ne abin da Ubuntu ke nema aƙalla, amma in da gaske za ka yi aiki da ita ka ba ta 60 zuwa sama, ba daɗi ka dawo yanka karo na biyu. GParted, manhajar yankan fatishan ta Linux, kayan aiki ne mai kyau ba na kushe shi, sai dai ka gane bambancin matse fatishan daga ƙarshensa da matsar da farkonsa. Na farko 'yan mintoci ne. Na biyu sai an kwashe duk abin da ke ciki an gusar da shi, a hadis mai juyawa awanni ne, kuma in wuta ta ɗauke a tsakiya rabin kayan na sabon wuri rabi na tsohon, takardar ba ta san ko ɗaya ba. Mu kuma mun san halin wutarmu, ga laftof ɗin gwanjo da batirinta ba ya kai minti ashirin. In batirinka irin wannan ne kar ka fara sai a inda akwai sola ko inbata, janareta ma ka leƙa tankin tukuna.

To an zo wajen ɗorawa, inda hannu ke rawa. Zaɓi uku za ka gani, a zauna gefen Windows, a share faifan gaba ɗaya, ko ka tsara da hannunka. Na tsakiyan nan yana nufin abin da ya faɗa, faifan duka, ba wurin da ka yanka ba. Mutane na ɗauka "disk" na nufin C ko D saboda haka Windows ta saba musu, a'a. In zaɓin zama gefen Windows bai fito ba sam, ka tsaya, alama ce akwai abin da bai daidaita ba, ko tsarin tashi ya saɓa ko BitLocker ko Fast Startup, ba wai ka ci gaba da wanda ya rage ba. Linux ba ta san C da D ba, sunayenta sda, sdb, ko nvme0n1 in SSD ɗin NVMe ne, fatishan kuma lamba a ƙarshe, nvme0n1p1, p2 haka. A faifan da Windows ta tsara kwanan nan yawanci p1 shi ne zauren, p2 wani ɗan mitsitsi mai megabayit 16 na Microsoft, p3 Windows kanta, na ƙarshe kuma na farfaɗowa mai 'yan ɗaruruwan megabayit. Ƙananan nan ba shara ba ne, ka bar su. Kuma kar ka dogara da harafi, abin da yake sda yau gobe yana iya zama sdb in ka soka wani filashi, a injin NVMe ma filashin da ka tashi da shi ne yakan zama sda. Girma da sunan kamfani za ka duba, lsblk -o NAME,SIZE,MODEL,FSTYPE zai jera maka su. Faifan terabayit 1 zai nuna kusan gig 931, ba cuta ba ce, bambancin lissafi ne.

In da hannu za ka tsara, abu biyu kawai kake buƙata. Ka yanka fatishan nau'in ext4 a wurin da ka tanada ka ba shi /, wato tushen Linux ɗin, sannan ka nuna zauren da ke akwai a matsayin /boot/efi ba tare da ka sa alamar fomat a kansa ba. Wannan ɗan akwatin fomat ɗin ka kalle shi sau uku kafin ka wuce, in ka share zauren tabarmar Microsoft ta tafi, Windows ta daina tashi. Ana gyarawa, zan faɗa a ƙasa, amma me ya kai ka. Fatishan ɗin swap, wurin da Linux ke aro in RAM ta cika, ba dole ba ne, tun 2017 Ubuntu ta koma amfani da fayil a madadinsa. Megabayit 100 na zauren ya ishi GRUB, amma in irin Linux ɗin da ke zuba kanal ɗinta, wato zuciyar tsarin, a zauren ce, masu amfani da systemd-boot, to zai cika, su sukan so rabin gig zuwa gig ɗaya. Kafin ya fara rubutu mai ɗorawar zai nuna maka jerin abin da zai yi, wannan allon shi ne damarka ta ƙarshe, ka karanta shi layi-layi kamar takardar sayen gida.

Wanda kwamfutarsa ke ɗaukar faifai biyu shi ya huta. Ka zare na Windows, ka ɗora Linux a ɗayan shi kaɗai da nasa zauren, ka mayar. Abin da ba ya cikin injin ba yadda za a yi ka goge shi da kuskure.

Bayan an gama wasu 'yan abubuwa kan biyo baya. In GRUB ya fito ba sunan Windows a ciki kar gabanka ya faɗi, tun GRUB 2.06 na 2021 aka kashe os-prober, mai leƙawa ya nemo maƙwabta, sai wanda ya kunna, wasu Linux ɗin suna kunna maka wasu ba sa yi. Ka sa GRUB_DISABLE_OS_PROBER=false a /etc/default/grub ka yi sudo update-grub. Secure Boot kuma ba sai ka kashe ba in Ubuntu ce ko Fedora ko Debian, suna da shim, wata 'yar manhajar tashi da Microsoft ta sa wa hannu. Amma filashinka ya zama na kwanan nan, a Agustan 2024 wani afdet na Windows ya toshe tsofaffin shim masu rauni, ya kuma shafi masu tsari biyu da ba a yi niyyar taɓawa ba, mutane suka wayi gari Linux ta ƙi tashi da saƙon SBAT. Nan ma ba fayil ɗin da ya ɓata, ƙofa ce aka rufe. Sai agogo, wannan kam kowa a nan zai gani. Linux tana ajiye agogon madabod a lokacin UTC, Windows kuma tana ɗaukarsa lokacin gari, mu Najeriya da Nijar muna gaba da awa ɗaya, don haka duk ka fito daga Linux ka shiga Windows za ka ga ta koma baya da awa guda. 'Yan uwanmu na Ghana ba su ma san da matsalar ba tunda lokacinsu daidai yake da UTC. timedatectl set-local-rtc 1 a Linux yana kashe maganar, kafin nan dai kar ka yi sahur da agogon laftof.

In zauren ya lalace ko an share shi, filashin Windows ɗin da na ce ka ajiye shi ne zai fitar da kai. Ka tashi da shi a UEFI, Shift da F10, diskpart, list vol, ka nemo ɗan FAT32 ɗin, select vol da lambarsa, assign letter=S, exit, sannan bcdboot C:\Windows /s S: /f UEFI. Ka lura a wannan wurin Windows ɗinka ba lallai ta zama C ba, tana iya fitowa D ko E, ka duba da dir tukuna. A cikin diskpart ɗin nan list da select da assign kawai ka zo yi, clean ba ya cikin aikinka. Cire Linux kuma yana da tsari, wanda ƙanina ya tsallake, ka fara mayar da Windows Boot Manager saman jeri a BIOS, ka kashe ka kunna ka ga ta shiga kai tsaye, sannan ka goge fatishan ɗin. A tsohon tsarin MBR sai ka fara mayar da lambar tashin Windows da bootrec /fixmbr kafin gogewa, don can babu F9 da zai cece ka.

In kuwa mai afkuwa ta afku, ka goge fatishan mai kaya ko wani ya yi maka clean, abu ɗaya ne a hannunka, ka daina rubuta komai a faifan nan. Kar ka yanka sabon fatishan a wurin, kar ka yi fomat, kar ka ɗora Windows don ka samu inda za ka sa manhajar ceto, duk wannan gini ne a kan kayanka. Ka tashi da filashin Linux ka buɗe TestDisk, kyauta ce, wani Bafaranshe Christophe Grenier ya rubuta ta, tana bin faifan ta nemo inda tsofaffin iyakoki suke ta sake rubuta takardar, in ba a taɓa wurin ba sau da yawa komai na dawowa har da sunayen folda. A hadis mai juyawa ko an yi fomat na gaggawa akan tsinci abubuwa da PhotoRec, sai dai ba sunaye, fayiloli dubbai da lambobi sai ka bi ɗaya-ɗaya. SSD kuwa ba ta da wannan haƙurin, akwai umarnin TRIM da ake aika mata lokacin fomat cewa wurin nan ba kowa, ita kuma ta share shi da gaske, daga nan ko TestDisk ko waye sai dai ya dawo maka da sifili.

Shi dai ƙanina washegari ya zo gida da laftof ɗin, muka shiga BIOS da F10 muka ɗaga Windows sama, muka buɗe zauren muka cire foldar ubuntu da ta rage, gig 60 ɗin da ya goge muka haɗe masa da D. Da na duba manage-bde sai ga shi faifan a kulle yake, lambar kuma ba ya da ita a ko'ina, na miƙa masa biro ya kwafe ta a bayan katin makarantarsa yana ta mitar wai lambobin sun yi yawa.